Ilu Ganau Mai Kiran Shamuwa

A wani ɗan ƙauye da ke gefen Birchi, kan hanyar da ta taso daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi, an yi wani mutum ana ce da shi Ilu Ganau. Sunansa na yanka Iliyasu, Ganau ɗin kuwa bakinsa ne ya jawo masa, don ba ya buɗe labari sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ganau ne, ba jiyau ba." Babu naman dajin da Allah ya halitta wanda Ilu bai yi ido huɗu da shi ba. Ya ga raƙumin dawa ya leƙo shi ta saman kuka, ya ga ɓauna ta durƙusa ta gaishe shi, ya kuma taɓa tare garken giwaye da suka fito daga dajin Rugu da sandar kiwo kawai, ya ce su koma, suka koma. Iyakar tafiyarsa a duniya dai, a iya sanin mutane, kasuwar Dutsin-Ma ce.

Duk wannan zuba a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidansa ake yin ta. Kakansa ne ya dasa ta, ta girma ta baje har inuwarta na ɗaukar rabin mazan ƙauyen. Nan Rabe wanzami, taubashin Ilu, yake shimfiɗa buzunsa yana aski. Nan Jibo mahauci yake miƙe ƙafa in ya sayar da namansa. Ilu ba shi da saniya, ba shi da doki, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Tsamiyar nan ita ce sarautarsa, kuma yana son ta har cikin ransa. Ga shi Allah ya ba shi murya: in labari ya kai inda giwa ta yi kuka, mata suna jiyo shi daga rijiya, kaji su watse, ɗan tsuntsun da ya yi kuskuren sauka a reshe ya tashi fir.

Ana saura shekara biyu a sami mulkin kai, cikin bazara, sai ga masu aikin faɗaɗa hanya sun iso. Helmansu, wato shugaban leburorin, wani dogo mai gajeren wando ana ce da shi Mahmuda, yana tafe da gwangwanin jan fenti. Ilu yana tsakar tare giwaye ke nan ya ga mutum ya zagaya bayansa ya shafa wa tsamiya ja.

"Kai, Helma, mi kake shafa wa tsamiyata?"

"Alama ce, Malam. Ta nan hanya za ta bi. Duk iccen da ka ga ja a jikinshi, na gatari ne."

Ilu ya katse labarin. Ya miƙe ya nuna wata kuka da ke ƙofar Gwaggo Dada, tsohuwar da ta girmi kowa a ƙauyen. "Ga kukar Gwaggo can, ta fi tawa shiga hanya. Don mi ba ka shafa mata ba?"

Helma ya nuna sama. "Ka ga tsofaffin sheƙun can? Na shamuwa ne, duk shekara nan suke sauka. Leburorina ko raƙumi za ka ba su, ba mai ɗaga gatari ga iccen da shamuwa ta yi gida. Ita ke shigowa gaban damina, wa ke son a ce shi ya kore ta? Sai dai mu karkata hanya."

Da mai hankali ne, da ya roƙi arziki. Ilu kuwa sai ya gyara hula ya yi wata 'yar dariya.

"Au, shamuwa ce kawai? Ai da ka faɗa tun farko. Ni da shamuwa tare muka taso, harshensu ma ina ji. Shekarar da na bi su kudu har inda ruwan sama ke kwana, sarkinsu da kanshi ya rako ni. Bana a tsamiyata za su sauka."

Rabe bai ɗaga kai daga wasa askarsa ba ya ce, "Taubashi, shekarar da ka bi su ɗin, halan ita ce wadda kurkunu ya kwantar da kai tun daga shuka har girbi?"

"Da ƙafa ɗaya na je. Mi ka sani kai, ban da kan mutane?"

Helma ya murmusa ya ce, "To, ba gardama. Muna gyaran kwalbati a rafin can. Ranar da muka gama muka iso nan, in na ga shamuwa kwance cikin sheƙa bisa tsamiyar ga, da hannuna zan kankare fentina. In babu, ka nemi wata inuwa."

Ilu ya shiga gida yana naɗe hannun riga. Matarsa Zinariya, wadda ta jiyo komai ta bayan darni, ta tare shi da muciya a hannu.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan ga, ko kurciya ban taɓa ganin ta kwana a tsamiyar nan ba."

"Don ban gayyace su ba ne. Ina itacen girkinki?"

Kafin ta amsa ya kwashi itacen. Ya jingina tsani, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, itace ya ƙare sheƙa ba ta yi rabi ba. Sai ya dubi darnin gida ya ga ai kara ne zaune ba aikin komai, ya zare gefe guda ya haura da shi. Awakin Jibo da ke jiran wuƙa suka ga ƙofar arziki ta buɗe, suka shiga suka share shanyar kuɓewar Zinariya tas, suka ɗora da dusa. Ihun da ta yi ya sa Ilu ya daɗe a sama bai sauko ba, yana cewa aiki ne ya riƙe shi. Da ya gama, abin da ya gina ya kai gadon kara faɗi.

Rabe ya ɗaga kai ya ce, "Jimina za ka saukar ne?"

"Sarakunan shamuwa zan saukar. Talakawansu su je wajen Gwaggo."

Ba a daɗe ba iska ta juya, ta fara busowa da ɗan sanyi-sanyi, hadari yana leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Wata la'asar matan da ke bakin rijiya suka hangi baƙaƙen ɗigo-ɗigo can ƙololuwar sama suna kewaya. Wata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Shamuwa ta iso!" Nan da nan gari ya fito. Wanda bai taɓa cin ranin ƙasar nan ba ba zai san daɗin wannan gani ba. Tsofaffi suka ɗaga hannu suna hamdala, magidanta suka fara zancen iri da kai sungumi maƙera. Tsuntsayen suka yi ta saukowa a hankali, baƙin baya da farin ciki, ba ko kaɗa fiffike.

Abin mamaki, sai biyu suka ware daga cikin garken suka nufo tsamiya. Suka kewaya ta, suka sake kewayawa, suka sako dogayen ƙafafunsu za su dira a kan sheƙar. Bakin Rabe ya buɗe. Ilu kuwa murna ta kama shi, ya ce ai ba a karɓar manyan baƙi shiru. Ya ruga ya suri garwar kananzir da ludayi, ya tsaya a gindin itacen ya shiga duka.

"Lale marhabin! Sannunku da hanya! Ina kuka baro sarki? Ku sauko, gidanku ne!"

Shamuwa suka naɗe ƙafafunsu, suka yi sama, suka wuce kukar Gwaggo suka sauka.

Aka fashe da dariya. Ilu ya ajiye garwa ya ce, "Ku ba ku san ladabi ba. Sun je gaida tsohuwa ne tukuna."

Gwaggo Dada, tana dogare da sandarta, ta ce, "To ɗan nan, tunda kana jin harshensu, ka ce masu na amsa, su ƙaraso."

Ba su ƙaraso ba. Washegari suka shiga gyaran tsofaffin sheƙunsu, har ɗaya ta zo ta zari kara daga gadon Ilu ta kai can.

Ilu ya ce baƙo da abinci ake riƙe shi, shamuwa kuwa ba ta da abin so kamar kwaɗo. Ya ɗauki tulun Zinariya ya nufi tafkin bayan gari, wanda rani ya shanye sai laka. Ya taka, ya nutse har cinya. Ya fizgo ƙafa, laka ta riƙe takalmi ɗaya ta ce sai wata shekara. Haka ya wuni yana lalube, ya dawo da magariba, da hantsin washegari ya hau tsani da tulu cike da kwaɗi, ya juye su cikin sheƙa, ya ce su zauna nan.

Kwaɗo dai ba ya jin umarni. A daidai lokacin Rabe yana yi wa Jibo aski a ƙasa, ya share rabin kai saura rabi. Sai wani ƙaton kwaɗo mai sanyi ya faɗo daɓas a kan sabon askin. Jibo ya zabura da salati, aska ta tsarge masa kunne. Kafin a ce kwabo kwaɗi sun fara zubowa ta ko'ina, cikin zabirar Rabe, cikin ƙwaryar furar wani, cikin wuyan rigar wani tsoho da ya shekara yana ciwon gwiwa, wanda a ranar ya riga kowa gudu.

Jibo ya tsaya yana dafe da kunne, rabin kai fes, rabi gashi. Kowa ya zaci dambe za a yi. Sai ya sassauta murya ya ce, "Malam Ilu, ai wahala kake ba kanka. Kwaɗo abincin ƙananansu ne. Sarakunan shamuwa kayan ciki suke so, wanda ya ɗan kwana. Zo in ba ka, kyauta."

"Na sani mana," in ji Ilu. "Gwada ku nake in ga ko akwai mai ilimi a cikinku."

Ya karɓi tumbi da hanji da suka kwana biyu cikin zafin bazara, ya haura da su. Da gari ya waye sai ya ji fuka-fuki suna ta faɗa a saman tsamiya. Ya fito da gudu ba ko hula yana kiran mutane su zo su sha kallo. Suka zo, suka toshe hanci. Kowane reshe ya lanƙwasa da ungulu, sun yi jeri da sanƙonsu suna jan hanji.

"Taubashi," in ji Rabe, "sarakunan naka sun iso ke nan?"

Ilu ya dube su. "Su ne. Dattawan shamuwa ke nan. In ta tsufa haka take komawa, gashin kai ya zube."

"To wa ke yi masu aski? Don ni ban taɓa samun cinikinsu ba."

Gwaggo ta ce, "Ni dai na tsufa ban koma ungulu ba. Ilu, ka ji tsoron Allah ka sauke mushen ga, wari ya hana mu shan koko."

Zinariya ta leƙo ta inda darni ya ɓalle ta ce in warin nan ya kai gobe, a neme ta gidan ubanta a Makera. Dole Ilu ya hau ya kwaso ragowar da hannunsa, ungulu suna bin sa da harara.

A ranar ne labari ya zo cewa an gama kwalbati, gobe Helma zai iso. Da mutane suka watse, Ilu ya tsaya shi kaɗai ya dafa jan fentin nan. Ya tuna a gindin itacen aka yi masa suna, a nan ubansa ya yi zaman tsufa. Tsoro na gaske ya kama shi, har idonsa ya kawo ruwa. Amma shi irin mutanen nan ne da tsoro ba ya koya musu hankali, sai dai ya ƙaro musu dabara.

Ya saɓa sanda ya nufi Dabawa, gidan wani tsohon maharbi mai suna Sabitu. Maharba suna da wata hikima: sukan ɗaura ƙoƙon kan burtu a kan lanƙwasasshen itace, su ɗaure a goshi, su lulluɓa da baƙin mayafi suna rarrafe suna kaɗa kai, barewa ta zaci tsuntsu ne ke kiwo har su matso ta. Wannan kan burtun ne Ilu ya je aro.

"Mi za ka harba da shi?" in ji Sabitu. "Kai da ko ɓera ba ka taɓa kamawa ba."

"Ba harbi zan yi ba, Baba. Shamuwa zan zama."

Tsohon ya ɗauko kan burtun ya nuna masa. "Ai burtu daban, shamuwa daban. Dubi jan maƙogwaro, dubi ƙaton baki."

"Daga ƙasa wa zai bambance?"

Sabitu ya miƙa masa, ya ce shi ma gobe zai zo ya gani da idonsa.

Da sassafe Ilu ya ce wa Zinariya zai je kasuwar Dutsin-Ma. Tana juya baya ya buɗe adudunta ya zare zanenta na baƙin rini, wanda ba ta ɗaurawa sai ranar biki. Ya sa farar taguwa don ta zama farin cikin shamuwa, ya haye tsamiya, ya ture tsani da ƙafa, ya ɗaura kan burtu, ya lulluɓa, ya duƙa cikin sheƙa. Warin hanji bai gama fita ba, ga cinnaku da suka zo kalacin ragowa sun sami sabon nama. Ilu ya cije.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga Helma da leburorinsa, gatura a kafaɗa, ƙauye kaf a bayansu. Helma ya sa tafin hannu a goshi ya dubi sama. Ta tsakanin ganye ga wani baƙin tsuntsu kwance cikin sheƙa, yana kaɗa kai sama da ƙasa cikin natsuwa.

"Ikon Allah," in ji Helma.

Leburori suka fara sauke gatura. Wani ya ce girman ya yi yawa, wani ya ce ai mai gidan ya faɗa sarkinsu ne zai sauka. Gwaggo ta ƙanƙance ido ta ce ita dai ba ta taɓa ganin shamuwa da jan maƙogwaro ba, amma ido ya tsufa. Helma ya fara lalubo wuƙa a aljihu zai kankare fenti. Zuciyar Ilu ta yi fari ƙal, saura ƙiris ya yi nasara.

Rabe ne ya zagaya ta ƙarƙashin sheƙar. Ta wata kafa tsakanin karare ya hangi dunduniya mai kaushi, da busasshiyar lakar tafki a jikinta. Ya san dunduniyar nan tun suna yara. Ya koma cikin taro ya yi gyaran murya.

"Kaico, taubashina ya tafi kasuwa bai ga baƙonshi ba. Amma tunda ba ya nan, jama'a, bari in sauke wani nauyi da ya daɗe a wuyana. Labarin giwayen Rugu ɗin nan, ina wurin aka yi."

Kan tsuntsun ya daina kaɗawa.

"Ba giwaye ba ne. Jakin uban Jibo ne ya tsinke igiya da magariba."

Sheƙa ta ɗan girgiza, busassun ganye suka zubo.

"Jaki ɗaya, shi ma gurgu. Ilu na ganin shi ya yar da sanda ya ruga ya faɗa rumbun Gwaggo. Sai da muka jawo shi ta ƙafa, shina kiran innarshi."

Ilu ya jure cinnaku, ya jure wari, ya jure ƙafar da ta mutu a ƙarƙashinsa. Wannan kam ya fi ƙarfinsa. Daga saman tsamiya murya ta tsage kamar aradu.

"Ƙarya kake, Rabe! Giwa ce! Har da haure! Ni ganau ne!"

Wata mata ta ƙwalla ƙara, wani lebura ya yar da gatari ya ranta a na kare yana cewa shamuwa ta yi magana. Ilu ya miƙe tsaye zai ƙarasa hujja, ya manta abin da yake takawa kara ne. Gindin sheƙa ya ɓurma, ya zurmo da karare da komai, sai zanen ya maƙale a wani reshe ya riƙe shi ta hammata. Nan ya rataya tsakanin sama da ƙasa yana lilo, ƙafafu suna tuƙa iska, bakin burtu ya koma kan kunne.

Muryar Zinariya ce ta fara keta dariyar. "Zanena! Zanen bikina! Wannan ce kasuwar Dutsin-Ma, Malam?"

"Ku kawo tsani!" in ji Ilu.

"Ka tashi mana," in ji Jibo, yana shafa kunnensa. "Ba fiffike gare ka ba?"

Sabitu maharbi, wanda ya cika alkawari ya zo, ya ce shekararsa da yawa yana yaudarar namun daji da kan nan, bai taɓa ganin ya kama wanda ya ɗaura shi ba sai yau. Helma kuwa dariya ta zaunar da shi a ƙasa, yana share hawaye da hula. Da aka sauko da Ilu, ya ce, "Malam, ka biya mu, wallahi. Yau hannun kowa ya mutu, gobe kuma Juma'a. Amma Asabar da safe gatari zai yi aikinshi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ilu ya shige ɗaki ya ja bargo har ka, cikin wannan zafi. Ko masallaci ta bayan gida ya bi, ya tsaya sahun ƙarshe, ya riga kowa fita. Gindin tsamiya ya zama ba kowa. Rabe kansa jikinsa ya yi sanyi, don sai da dariya ta lafa ya tuna shi ma a inuwar nan yake cin abinci. Tun da aka haifi Ilu ƙofar gidan nan ba ta taɓa yin shiru irin na wannan kwana biyu ba.

Ranar Asabar leburori suka iso suna wasa gatura. Na gaba ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga kai don ya ga inda itacen zai faɗi, sai ya tsaya cak. A kan ragowar sheƙar ga shamuwa biyu, na gaske, baƙin baya da farin ciki. Ɗaya tana tsaye da karan darnin Zinariya a baki tana toshe inda Ilu ya ɓurma, ɗaya ta kwanta abinta. Ɗaya bayan ɗaya gatura suka sauka ƙasa.

Zinariya ta leƙa ɗaki ta ce a hankali, "Malam, baƙinka sun zo."

Ya yaye bargo, ya leƙa, ya gani. Sai ga shi a waje da tsalle ɗaya, hannu a ƙirji.

"Ban faɗa maku ba? Wa ya ce Ilu maƙaryaci ne? Ni na kira su! Ni..."

Shamuwa suka buɗe fuka-fuki suka tashi.

Gwaggo Dada, wadda ba a taɓa ganin ta yi sauri ba, ta fizgi faifai daga kan ƙwaryar wata mata ta kifa masa a baki, ta danne. Kowa ya ɗauke numfashi. Tsuntsayen suka kewaya sama, suka karkata wajen kuka, suka sake dawowa. Daga ƙarshe suka sako ƙafafu suka dira cikin sheƙar.

Gwaggo ta ce cikin raɗa, "Shekara da shekaru suna son iccen ga, ya fi kukata ganye da sanyi. Bakinka ke korar su, ɗan nan."

Helma ma da raɗa ya yi magana. "Na yi alkawari, zan karkata hanya. Amma muna nan yankin ga har ƙarshen damina muna zuba tsakuwa. Ranar da na biyo na ga sheƙar ga ba kowa, ba sai na yi sallama ba. Fentina yana nan sai 'ya'yansu sun tashi."

Ilu ya buɗe baki a bayan faifai zai ce wani abu. Ya dubi sama, ya dubi gatura, ya gyaɗa kai.

Ruwa ya sauka a makon, aka yi shuka, majalisa ta dawo gindin tsamiya, sai dai kowa da raɗa yake magana. Ilu kuwa bai iya raɗa ba, ya gwada, ta fito kamar kukan jaki, shamuwa ta miƙe tsaye, daga nan bai ƙara ba. Ya gwada janye mutane can bakin tafki ya yi musu labari, ba wanda ya yarda ya bar inuwa ya bi shi. Haka ya zauna damina guda a kan buzunsa, labarai suna taruwa a cikinsa, fuska ta kumbura, yana amsa gaisuwa da ka.

Wata rana wani Bafulatani da ya taso da shanunsa daga kudu, yana bin sabuwar ciyawa zuwa arewa, ya ratse ya sha inuwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Na ga sawu manya-manya a gefen dajin Rugu, ban san ko na mi ba ne. An ce mini a garin ga akwai wanda ya san giwa ido da ido. Wane ne?"

Duk majalisa ta juya ta dubi Ilu. Idonsa ya yi haske, ƙirjinsa ya cika, hannunsa ya tashi da kansa zai bugi ƙirji. A sama shamuwa ta miƙo wuya ta leƙo shi, ƙananan kawuna masu laushi suna motsi a ƙarƙashinta. Can kan hanya Helma yana wucewa bisa keke, ya ɗago masa hannu.

Rabe ya matso kusa da baƙon, ya ce da raɗar da kowa ya ji, "Wancan ne. Amma bawan Allah, bebe ne. Kuma jaki ya gani."

Hannun Ilu ya tsaya a iska. Ya dubi taubashinsa, ya dubi jan fentin, ya dubi inuwar kakansa da ta lulluɓe su duka. Sai ya sauke hannun a hankali, hawaye na bin kumatunsa, ya gyaɗa wa Bafulatanin kai alamar haka ne.